Burodin Dabino da Gyaɗa: Tsohon Girkin da Za Ki Yi Tare da Ɗanki

  

Yau kicin za mu shiga, kuma hannun yaro za mu riƙe mu shiga tare da shi. Na san da yawa daga cikinmu, da zarar mun ɗora tukunya, kalmar da ke fara fitowa daga bakinmu ita ce, "Fita ka ba ni wuri!" Ba a ga laifinmu ba, aiki ya yi yawa, ga wuta, ga wuƙa, ga goyo a baya. To amma mu tuna, yarinyar da muka yi shekara goma muna kora daga bakin murhu, ita ce za mu wayi gari muna yi wa faɗa wai ba ta iya komai ba, ga biki ya matso. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa na zaɓo mana wani girki mai sauƙi, wanda kusan duk aikinsa yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya sa hannu a ciki, wato burodin dabino da gyaɗa.

Daga ina wannan burodi ya fito?

Girkin nan tsohon girki ne na matan Amurka. Ni ma a cikin wani tsohon littafinsu na girke-girke na fara ganinsa, wanda na tsinta a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, takardunsa duk sun yi ja. Suna kiransa burodi, amma ba a sa masa yis, ba a murza shi, ba a ajiye shi ya tashi. Ana kwaɓawa ne a zuba a gwangwani a gasa nan take. Idan ya fito, yana tsakanin burodi da kek: ya fi burodi zaƙi da laushi, bai kai kek maiƙo ba.

Abin da ya sa aka iya yin irin wannan burodi shi ne samuwar garin da ke sa kwaɓi ya tashi ba tare da yis ba. Kuma za ku yi mamaki in na ce muku daga toka aka faro. A shekarar 1796 wata mata mai suna Amelia Simmons ta wallafa littafin girki a Amurka, inda ta nuna yadda ake sa wani farin gari da ake tacewa daga tokar itace a cikin kwaɓi don ya kumbura. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu da muka san ruwan toka, muka san aikin kanwa a waina da miyar kuka. Daga baya, a 1843, wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingham na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa garin da muke kira bakin hoda a yau. Dalilinsa kuwa, matarsa ce jikinta ba ya karɓar yis da ƙwai, yana so ta samu burodin da za ta iya ci. Allah ya ba mu mazaje masu kula irin wannan. A 1846 kuma aka fara yin bakin soda na sayarwa a birnin Niyok. Daga nan mata suka samu hanyar yin burodi cikin awa guda, maimakon yini guda.

Shi kuwa dabino, a wancan zamani yawancinsa daga Basra ta ƙasar Iraƙi ake kai wa Amurkawa a jiragen ruwa. A farkon shekarun 1900 suka fara ɗauko 'ya'yan itacen dabino daga Aljeriya da Masar da Iraƙi suna dasawa a hamadar jihar Kalifoniya, a 1927 kuma suka ɗauko irin manyan dabinon nan na Majdul daga Maroko. Da dabino ya wadata a shagunansu, sai burodin dabino ya zama abin yayi a shekarun 1920 da 1930. Daga 1929 ƙasar ta faɗa cikin matsin tattalin arziki mai tsanani, miliyoyin magidanta suka rasa aikin yi. Irin wannan burodi ya dace da mai ƙaramin ƙarfi, don ƙwai ɗaya tak yake ci, da mai kaɗan, zaƙin dabino kuma yana rage buƙatar sukari. Sau da yawa ma a cikin gwangwanayen abinci da suka zama fanko suke gasa shi, kamar yadda mu ma muke zuba alale.

Su can, wasu 'ya'yan itace masu tauri suke sawa, waɗanda suke kira wolnot da pikan, masu tsada ne a kasuwanninmu, in ma an same su. Mu gyaɗa za mu sa, kuma na gwada, ta yi daidai. Ga wani ɗan labari da za ki ba yaro kuna aiki: ita gyaɗar da muke gani kamar tamu ce tun fil azal, asalinta daga Amurka ta Kudu take, Turawan Fotugal ne suka kawo ta Afirka a shekarun 1500. Dabino ya tashi daga nahiyarmu ya tafi can, gyaɗa ta taso daga can ta zo mana, ga su yau sun haɗu a cikin kwano ɗaya a ɗakinki.

Maganar awo

Kafin in karanto kayan haɗi, sai mun tsaya a kan awo, don a nan ne yawancinmu muke samun matsala. Mu mun saba da girkin ido. Uwa ta ɗebi gishiri da yatsu uku ta watsa a miya, kuma ya yi daidai, saboda hannunta ya shekara ashirin yana yi. Gashi bai yarda da haka ba. Miya kina iya ɗanɗanawa ki gyara, amma kwaɓi in ya shiga wuta, magana ta ƙare.

Wadda ta yi suna wajen koya wa matan Amurka awo ita ce Fannie Farmer. Tana da shekara 16 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ta yi shekaru tana gida, a nan ta ƙware da girki a kicin ɗin mahaifiyarta. Sai da ta kai wajen shekara 30 sannan ta shiga makarantar koyon girki ta birnin Boston, a 1896 kuma ta fitar da littafin da har yau ake bugawa. Abin da ta dage a kai shi ne, in an ce kofi ɗaya ko cokali ɗaya, to a cika shi, a sa bayan wuƙa a shafe tozon, ya zama daidai da baki. Wannan shi ne shafaffen awo, kuma da shi za mu yi aiki yau.

Kofin da ake nufi yana cin mililita 240. Kar wannan ya ruɗe ki. Ki samu ledar fiya wata mai rubutun 50cl, ki nemi kofin da rabin ruwan ledar zai cika shi, ko ya kusa. Wannan kofi shi za ki riƙe, da shi za ki auna komai. Babban cokali shi ne na cin abinci, ƙaramin cokali shi ne na shayi.

To, mai biro da takarda ta matso. Wadda ba ta rubutun boko ta rubuta da ajami, ko ta kira ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata, kin ga aikinsa ya fara ke nan tun yanzu.

Dabino wanda aka cire wa ƙwallo aka yanka ƙanana, kofi 1
Tafasasshen ruwa, kofi 1
Bakin soda, ƙaramin cokali 1, shafaffe
Bota ko man gyaɗa, babban cokali 3
Sukari, rabin kofi
Ƙwai 1
Fulawa, kofi 2
Bakin hoda, ƙaramin cokali 1
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Soyayyiyar gyaɗa marar gishiri, dakakkiya sama-sama, kofi 1
Filebo ko garin kirfa kaɗan, ga mai so

Wata za ta ce, tun da soda 'yar uwar kanwa ce, me zai hana in sa kanwa? Kar ki sa. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata, ga ƙasa a jikinta, ba za ki iya sanin adadin da ya dace ba. Bakin soda ana samunta a shagunan masu sayar da kayan kek, kuma ƙulli ɗaya zai daɗe miki.

Gargaɗi a kan gyaɗa

Akwai abubuwan da nake so mu kiyaye game da gyaɗa, don rigakafi ya fi magani.

Na farko, gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko tana ɗaci, a zubar da ita, kar ma a ba kaji. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba tana haifar da wata guba da likitoci ke kira aflatokzin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. An gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Saboda haka tsintar gyaɗa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma idon yaro ya fi namu kaifi a kansa.

Na biyu, yaron da bai kai shekara 5 ba, ba a ba shi ƙwayar gyaɗa guda, don tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. In akwai ƙanana a gidan da za su ci burodin, ki daka gyaɗar ta yi laushi sosai, kuma ki ɗauke farantin gyaɗa da ƙwallayen dabino daga inda mai rarrafe zai kai hannu.

Na uku, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. In yaro ya taɓa cin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, to wannan yaro kar ya ci, kar ma ya taɓa. A yi burodin da dabino zalla, a yi amfani da bota maimakon man gyaɗa. In kuwa irin wannan kumburi ya taso wa yaro, asibiti za a nufa da shi nan take, ba jiran dawowar kowa.

Yadda za ku yi aikin tare

Ku fara da wanke hannu da sabulu, ke da shi, ku yi bisimilla. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da murhu, a nan za a yi duk aikin kwaɓi. Ki faɗa masa tun farko: wuƙa, da ruwan zafi, da wuta, waɗannan na Umma ne. Sauran kuwa nasa ne.

Aikin farko, dabino. Ki ba shi ya ƙirga dabinon kafin a fara, sannan ku ɓare ku cire ƙwallo, ku duba cikin kowane ɗaya ko akwai tsutsa ko ƙwaro. In kun gama, ya ƙirga ƙwallayen. Idan dabino 25 ne, ƙwallo 24, to akwai guda da ya ɓuya, sai an nemo shi, don kar ya karya wa wani haƙori. Kin ga ya yi lissafi ba tare da ya san ana koya masa ba. Ke za ki yanka dabinon. In busasshe ne mai tauri, irin wanda ake kawo mana daga Nijar, ki ɗan daddaka shi a turmi, ya fi sauƙi.

Ki zuba dabinon a kwano, yaro ya auna soda ya shafe cokalin ya barbaɗa a kai, ya sa bota. Sai ki ce ya ja da baya, ki kwarara tafasasshen ruwan. Yanzu ki kira shi ya leƙa. Zai ga 'yar kumfa tana tasowa, zai tambaye ki mene ne wannan. Ga amsar da za ki ba shi: soda in ta haɗu da zafi da ɗan tsamin da ke cikin dabino, tana fitar da iska, irin iskar nan da ke tashi in an buɗe lemon kwalba. Wannan iska ce ke shiga cikin kwaɓi ta yi ƙananan ramuka, wuta kuma ta busar da kwaɓin a kewaye da su, shi ya sa burodi ke kumbura ya yi laushi. Soda tana kuma narkar da dabinon, ita ce ke ba burodin launin nan mai duhu kamar na zuma. Shi kuwa bakin hoda, soda ce aka riga aka haɗa ta da nata busasshen tsamin, ruwa da zafi kawai take jira.

A bar dabino ya jiƙa har ruwan ya huce. Mai laushi irin na Makka minti 20 ya ishe shi, busasshe kuwa ki ba shi minti 40 ko fiye. Kar ki yi gaggawar sa ƙwai a cikin ruwa mai zafi, dahuwa zai yi.

Kafin ya huce, ga aikin gyaɗa. Ya tsince, ya murje jan ɓawon da tafin hannu, ki nuna masa yadda ake fecewa a faifai. Sannan ya daka ta sama-sama a ƙaramin turmi, kar ta zama tunkuza. Daga nan ya auna fulawa. Ki nuna masa ya riƙa zubawa a kofi da cokali, kar ya danna, ya shafe da bayan cokali. Ya tankaɗe ta a rariya tare da bakin hoda da gishiri. Fulawa za ta zuba a tabarma, za ta hau masa gira da hanci. Ki kawar da kai, shara ce kawai.

Ƙwai kuma a fasa shi a wani ɗan kofi daban tukuna. Yaro ɗan shekara takwas zai iya. In ɓawo ya faɗa ciki a cire, in ƙwan ya lalace kin tsira da sauran kayanki. Ya kaɗa shi da sukari, a juye cikin dabinon da ya huce, a sa filebo ko kirfa.

Yanzu sai haɗawa, kuma a nan ki buɗe kunne da kyau. A zuba fulawa a cikin ruwan dabino, a juya a hankali da muciya ko babban cokali, da zarar farin gari ya ɓace a tsaya. Yara suna son juyi, sai su yi ta buga kwaɓi kamar mai tuƙa tuwo. Dalilin hanawar shi ne, fulawar alkama in ta sha ruwa aka yi ta juya ta, tana yin danƙo. Danƙon nan shi ake nema a burodin yis da fanke, amma a wannan burodi tauri yake kawowa. Ni abin da nake yi, sai in ce wa yarinyata ta ƙirga juyi 20 da ƙarfi, in ta kai ta ajiye muciya. Sai a zuba gyaɗa a juya sau uku ko huɗu. Kwaɓin ya kasance mai kauri, yana faɗowa daga cokali da nauyi. In busasshen dabino ya shanye ruwan har kwaɓin ya yi tauri, ki ƙara ruwa ko madara babban cokali 2 ko 3.

Zai so ya lashe cokali. Ki hana shi cikin lallashi, don ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Ki ajiye masa dabino biyu a gefe, su ne ladan jira.

Shafa mai a gwangwani aikin ƙaramin cikinsu ne, ko ɗan shekara uku zai iya. A barbaɗa fulawa kaɗan a kai, a zuba kwaɓi, kar ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin, don a bar masa wurin tashi. Na ce matan da can suna gasawa a gwangwanin abinci, amma da yawa daga gwangwanayen yanzu an shafe cikinsu da wani siririn roba wanda ba don wutar gashi aka yi shi ba. Gwangwanin kek na alminiyom ya fi, dogo guda ɗaya ko ƙanana da yawa.

Gashi

Mai obin ta kunna shi tun ana jiƙa dabino, ta sa shi a 175 zuwa 180, in na gas ne mai lamba ta sa a 4. Dogon gwangwani yana ɗaukar minti 50 zuwa awa ɗaya, ƙanana kuwa minti 20 zuwa 25.

Wadda ba ta da obin, kar ta ce wannan girki ba nata ba ne. Ki samu babbar tukunya mai kauri wadda ba ki girki da ita sosai, ki zuba tsabtataccen yashi busasshe, kaurin yatsu biyu ko uku, ki rufe ki ɗora a kan gawayi ya yi zafi kamar minti 15. Ki jera 'yan duwatsu uku ko murfin tsohuwar tukunya a kan yashin, ki ɗora gwangwani a kai yadda ba zai taɓa yashi ba. Ki rufe da murfin ƙarfe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin don sama ma ya gasu. Wuta ta zama matsakaiciya. In ta yi yawa, ƙasa zai ƙone ciki yana ɗanye, kuma wannan burodi saboda zaƙin dabino yana saurin kamawa. In risho ne ko gas, ki rage wuta sosai.

Aikin yaro a nan shi ne agogo. Ki nuna masa inda dogon hannu yake, da inda zai kai kafin a buɗe. Minti 30 na farko ba a ɗaga murfi ko kaɗan, don in iska mai sanyi ta shiga tun kwaɓi bai kama jikinsa ba, tsakiyar za ta faɗa. Zai tambaye ki sau goma ko ya yi. Ki ce ya je ya duba agogo ya zo ya faɗa miki minti nawa ya rage. In lokaci ya yi, ki soka tsinke mai tsabta ko siririyar wuƙa a tsakiya. In ya fito ba ɗanyen kwaɓi a jikinsa, ya gasu. Tsagewar da za ki gani a sama ba aibi ba ce, haka irin wannan burodi yake yi. Ki bar shi minti 10 a gwangwani, ki juye, ki bari ya huce sarai kafin a yanka, in ba haka ba zai farfashe. Wanda ya kwana ma ya fi daɗi. In kin naɗe shi da kyau kin ajiye a wuri mai sanyi zai yi kwana biyu zuwa uku, a lokacin zafi dai kar a bari ya daɗe.

Ranar da namu ya ɓaci

Bari in ba ku labarin karonmu na farko, don kar wata ta ɗauka komai lafiya lau yake tafiya a gidan mai magana a rediyo. Yarinyata tana da shekara bakwai a lokacin. Na bar ta ta auna soda, na juya ina duba ruwan zafi. Ashe ita a tunaninta, tun da na ce garin nan ne ke sa burodi ya tashi, to in ta ƙara zai fi tashi. Sai ta cika babban cokali har da tozo. Burodi ya kumbura ya yi baƙi, sannan ya faɗa, da muka ɗanɗana kuwa kamar an gutsuri sabulu. Ga dabino ya tafi, ga fulawa, ga gawayi, ga shi na riga na yi wa maigida alkawarin abin shan shayi.

Wallahi faɗa ya zo mini har baki. Da na dube ta sai na ga ta riga ta maƙale a jikin bango, idonta ya cika da hawaye, tana jiran abin da zai biyo baya. Nan na gane in na buɗe baki da masifa, yarinyar nan ba za ta sake yarda ta taɓa cokalin awo ba. Sai na zauna na ce ta nuna mini yadda ta auna. Ta nuna. Na ce to ɗanɗana ki ji abin da yawan soda ke yi. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, muka yi dariya. Bayan kwana biyu muka sake, ya yi kyau. Yau ita ce ke tsare ni in na ɗebo cokali da tozo, tana cewa, "Umma, ba ki shafe ba." Asarar kofi biyu na fulawa ta koya mata abin da da baki sai in yi shekara ina maimaitawa.

Saboda haka 'yar uwa, ranar da za ki yi girkin nan da yaro, ki zaɓi ranar da ba ki da baƙi, ba ki da gaggawa. Karon farko ki raba kayan biyu ki yi rabi, in ya ɓaci asarar ba ta da yawa. Rabawar ma darasi ce: ki tambaye shi rabin kofi biyu nawa ne, rabin rabin kofi kuma fa? Ƙwan ne kawai ba ya rabuwa da sauƙi, sai ki kaɗa shi ki ɗebi rabi.

Kuma kar a ce sai 'ya mace. Ɗa namiji ma a jawo shi. Ya zo a hadisi daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida. Yaron da ya san wahalar da ke cikin yanka ɗaya na burodi, in ya girma ba zai raina girkin matarsa ba. Ga shi ma masu gidajen burodi da masu shayi a garuruwanmu kusan duk maza ne.

Ga mai son ta mai da shi sana'a, in hannunki ya faɗa, ki zauna da yaron ku rubuta kuɗin kowane abu har da gawayi, ku raba da yawan yankan da aka samu, ku ga nawa kowane yanka ya tsaya muku kafin a sa riba. Ana iya ba mai shagon unguwa ko mai shayi ya sayar, ko a yi wa masu suna da biki, ba sai an ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta ba.

Mu da muke cikin gida, Allah ya ba mu lokaci tare da 'ya'yanmu wanda wasu matan ke nema ba su samu ba. In burodi ya huce, ki bar yaron ya ɗauki faranti da kansa ya kai wa babansa, ya kai wa kakarsa, ya kai wa abokiyar zamanki in kuna da yawa, ya ce shi ya yi. Ki tsaya daga baya ki kalli fuskarsa.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wadda ta gwada ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, ko ya yi kyau ko ya faɗa, duk muna son ji. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke ciyar da su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.